Hoton Eksire, Da Yadda Na'ura Ta Karɓi Aikin Ɗaukarsa

A zangon da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu makarantu don gwajin koyarwa, ni an tura ni wata firamare ce a bakin babbar hanya, aka ba ni aji shida. Ran Talatar mako na biyu darasina shi ne haske da inuwa. Na shirya shi tsaf, na zo da cocila da kwali da kwalba. Ina cikin bayani ina jin daɗin kaina, sai wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, babana mai walda ne, yana aikin bututun mai. Ya ce in ya gama haɗa baki, sai an ɗauki hoton cikin ƙarfen tukuna a biya shi. Yaya a ke ɗaukar hoton cikin ƙarfe, bayan ka ce haske ba ya ratsa shi?"

Na ce mata ai da eksire a ke yi, irin na asibiti. Ta ce, "To, Malam, wa ke shiga cikin bututun ya ɗauka?" Nan fa na yi tsuru-tsuru. Malaminmu mai duba mu kuwa yana zaune a baya da littafinsa. Da aka tashi na duba abin da ya rubuta mini, sai na ga ya sa, "Ya san sunan abu, bai san abin ba." Maganar nan ta yi mini zafi ƙwarai, don gaskiya ce. Saboda haka na duƙufa bincike har makonni uku, abin da na samo kuwa shi ne zan shimfiɗa muku a nan, 'yan'uwana ɗalibai, kada wani ya sha irin kunyar da na sha.

Mu fara da shi kansa hasken. Wani malamin kimiyya ne na Jamus, mai suna Wilhelm Rontgen, ya gano shi a garin Wurzburg ran 8 ga Nuwamba, 1895. Da ya ke bai san ko mene ne ba, sai ya yi masa laƙabi da harafin X, watau harafin da mu ke sa wa abin da ba a sani ba a darasin lissafi. Daga nan sunan eksire ya fito. Haske ne kamar na rana, sai dai ido ba ya ganinsa, yana kuma da ƙarfin ratsa abu. Nama ba ya tare shi sosai, ƙashi ya fi nama tarewa, ƙarfe ya fi ƙashi, dalma kuwa ta fi su duka. In aka sa abu tsakanin fitilar eksire da fim, inda hasken ya wuce da yawa sai fim ya yi baƙi, inda aka tare shi ya yi fari. Ashe hoton eksire inuwa ce kawai. Da na gane haka tun farko, da na amsa wa yarinyar da kayan da ke hannuna. Ƙarfen bututu yana tare hasken, amma ba duka ba. In akwai rami ko tsaga a cikin walda, wurin ya rasa ƙarfe ke nan, hasken ya wuce fiye da na kewayensa, sai a ga ɗigo ko zare baƙi a fim.

To, abin da ya fi ba ni mamaki cikin binciken nan shi ne yawan jiran da masu aikin farko suka sha. Ran 22 ga Disamba, 1895, Rontgen ya ɗauki hoton hannun matarsa, sai da ta ajiye hannun bai motsa ba wajen minti 15. Wannan ma wasa ne in aka gwada da na masu binciken kiristal.

Kiristal shi ne ƙwaya mai tsari, kamar ƙwayar gishiri ko ta sukari, wadda ƙwayoyin zarra na cikinta suka jeru sahu-sahu. A 1912 Max von Laue da abokan aikinsa suka nuna in aka haska kiristal da eksire, hasken yakan watse ya bar ɗige-ɗige a fim. William Bragg da ɗansa Lawrence, mutanen Ingila, suka gano yadda za a bi ɗige-ɗigen nan da lissafi a san mazaunin kowace ƙwayar zarra. Aka ba su kyautar Nobel a 1915, ɗan kuwa shekararsa 25, watau tsaran yawancinmu. Ta wannan hanya ce a ke sanin siffar furotin na jikin mutum da na ƙwayoyin cuta, in kuwa an san siffar abu, an kama hanyar yi masa magani, kamar yadda maƙeri ba ya ƙera mabuɗi sai ya ga kwaɗon.

Amma ku dubi abin da aikin ke ci. Shahararren hoton nan na DNA da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan cikin Mayu, 1952, sai da fim ya sha haske sama da sa'a 60. Max Perutz ya fara bin siffar furotin ɗin da ke sa jini ja a Kambirij a 1937, bai ga siffar ba sai 1959. Dorothy Hodgkin ta Oksfod ta fara aikin insulin, wanda masu ciwon sukari ke bukata, a 1934, ta gama a 1969, shekara 35 ke nan. (Af, wannan baiwar Allah tana ƙasar Gana labarin kyautarta ta Nobel ya iske ta a 1964, don mijinta, Thomas Hodgkin, yana shugabancin sashen nazarin Afirka a Jami'ar Gana a lokacin.) A zamaninsu mutum zai ɗora ƙwaya da hannu, ya daidaita ta, ya sa fim, ya jira, ya cire fim, ya shiga ɗaki mai duhu ya wanke, ya shanya, sa'an nan ya zauna ya auna duhun ɗigo dubbai ɗaya bayan ɗaya da ido. Ba wannan kaɗai ya jawo shekarun ba, lissafin ma yana da wuya ainun, amma ya ci rabonsa.

Akwai kuma hasarar da ta fi ta lokaci. Masu aikin farko ba su san hasken yana cin jiki ba. Clarence Dally, mai taimakon Thomas Edison a Amurka, ya riƙa gwada fitilun eksire a hannuwansa, har suka ƙone, aka yanke su, ya mutu a 1904. Tun daga irin wannan aka koyi a raba mutum da hasken, a sa katangar dalma ko ta kankare a tsakani. Ku riƙe wannan, don za ku ga amfaninsa a gaba.

Wanda ya fara nuna wa duniya sosai abin da zai faru in na'ura ta karɓi ɗaukar hoto shi ne Godfrey Hounsfield, injiniya a kamfanin EMI na Ingila. Tunaninsa shi ne, inuwa ɗaya ba ta faɗin kome da kome, don abin gaba yana rufe na baya. Amma in aka ɗauki inuwar abu ta kowane gefe, kwamfuta ta haɗa su da lissafi, sai a ga cikinsa kamar an yanka shi fale-fale. Na'urarsa ta gwaji takan yi awo 160 a tsaye guda, ta juya digiri ɗaya, ta sake, har sau 180. Ku lissafa, awo 28,800 ke nan. Wane ɗan Adam ne zai yi wannan da hannu bai ruɗe ba? Ita ma na'urar da fari kwana 9 ta ke yi kafin ta gama, kwamfuta kuma ta yi sa'a biyu da rabi tana lissafi. Ran 1 ga Oktoba, 1971, aka ɗauki kan majiyyaciya ta farko da irinta a asibitin Atkinson Morley a Landan. Ita ce na'urar da a ke kira CT. Na yanzu suna kewaye mutum sau ɗaya cikin ƙasa da rabin sakan.

Yanzu mu koma ga masu kiristal, don a wurinsu ne abin ya fi armashi. Fitilarsu ta zamani ba ƙarama ba ce. Wani irin gini ne zagayayye kamar zobe, ana kiransa sinkurotoron, inda ƙwayoyin lantarki ke gudu cikin bututu kusan da saurin haske, maganaɗisu na tanƙwara hanyarsu, suna fid da eksire mai tsananin ƙarfi. Akwai ɗaya a Girenobul ta Faransa, sunansa ESRF, kewayensa mita 844. Akwai wani kusa da Oksfod, sunansa Diamond, kewayensa mita 561, an buɗe shi a 2007. A jikin zoben an jera ɗakuna, kowane da tsirkiyar haskensa.

Da aka sami wannan fitila, ɗaukar hoton da kan ci kwanaki ya koma mintoci, daga baya ma sakan-sakan. Sai wata matsala ta fito fili, wadda a da jira ya ɓoye ta. Ɗakin da hasken ke shiga an lulluɓe shi da dalma, ba a sakin haske muddin akwai mutum a ciki. Saboda haka duk ƙwayar da za a gwada, sai a rufe haske, a buɗe ƙofa mai nauyi, mutum ya shiga, ya ciro ƙwayar daga ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, ya ɗora ta da hanzari kafin ta ɗumama ta lalace, ya kewaya ɗakin ya tabbata ba kowa, ya danna maɓallai, ya fito, ya rufe, kana a saki haske. Hoton ya ci sakan kaɗan, shiga da fita sun ci mintoci. Ga shi kuwa lokacin zoben tsada gare shi, akan ba masu bincike sa'o'i ƙididdigaggu, dare da rana, bayan sun yi watanni suna jiran layi. Mutumin da ya kwana bai runtsa ba, ƙarfe uku na dare ya zo ɗora ƙwayar da ya yi shekara yana renonta, hannu na rawa, ta faɗi. Shi ke nan.

Maganin da aka yi iri uku ne, ba kuwa rana ɗaya aka yi su ba. Aka ƙera hannun ƙarfe wanda ke zaune cikin ɗakin, shi hasken ba ya cutarsa, ya tsoma cikin tukunyar sanyi ya ɗauko ƙwaya ya ɗora, in an gama ya mayar ya ɗauko ta gaba. A Stanford ta Amurka sun soma aiki da irinsa tun farkon shekarun 2000, akwatinsa ɗaya na cin ƙwaya 96. Aka kuma yar da fim, aka koma ga faranti mai jin haske, wanda ke ƙidaya abin da ya sauka a kowane gurbinsa ya aika wa kwamfuta nan take. Waɗanda aka fara ƙerawa a Suwizalan, masu suna Pilatus, saurinsu ya kai ba a bukatar tsai da ƙwaya tsakanin hoto da hoto, tana juyawa ana ɗauka.

Na ukun shi ya fi wuya, watau a koya wa kwamfuta aikin ido da shawara. Ƙwayar furotin sau da yawa ba ta kai kaurin gashin kai ba, tana kuma lulluɓe da ƙanƙara. Ina ta ke? Wane gefenta ya fi kyau? Haske nawa za ta jure kafin ta ƙone? Dā mutum ne ke yanke waɗannan. A 2014 aka buɗe wani ɗaki a zoben Girenobul mai suna MASSIF-1, inda ba mutum ko ɗaya a cikin aikin. Mai bincike yakan sa ƙwayoyinsa a tukunyar sanyi ya aika ta hannun masu kai saƙo, ya rubuta abin da ya ke so. Na'ura ta ɗora ƙwaya, ta bi ta da haske kaɗan-kaɗan layi-layi kamar mai share tsakar gida, ta gano inda ɗige-ɗige suka fi fitowa, ta tsaya nan, ta lissafa yawan hasken da ya dace, ta ɗauka, ta tace, ta ajiye sakamako inda mai shi zai gani ta intanet. Shi kuwa yana gida yana barci.

Kada ku ce wannan jin daɗin malaman jami'a ne kawai. A farkon 2020, da cutar korona ta ɓarke, ana bukatar sanin wane sinadari ne zai iya toshe wani furotin da ƙwayar cutar ba ta hayayyafa sai da shi. Hanyar ita ce a jiƙa kiristal ɗin furotin da sinadari, a ɗauki hoto, a ga ko ya kama. A Diamond an gwada ƙananan sinadarai sama da 1,250 cikin 'yan makonni, aka sami 74 da suka kama, aka kuma baza sakamakon ga duniya kyauta. A Hambug ta Jamus an gwada magunguna sama da 5,000 a kan furotin ɗin nan. Da hannu irin na zamanin Hodgkin, da jikokinmu ne za su ji sakamakon. Har zuwa 2024 dai ba a gina irin wannan zobe ko ɗaya a Afirka ba, ko da ya ke tun 2015 masanan nahiyar suka fara taro a kan maganar. Amfanin aiki ta saƙo a gare mu ke nan, don tukunya ta fi mutum sauƙin tafiya, ba ta neman biza.

To, ga amsar yarinyata. A manyan bututu ba mutum ke shiga ba. Wata 'yar na'ura ce mai ƙafafun taya da batir, ɗauke da fitilar eksire, a ke sakawa ta baki ta yi ta rarrafe a ciki. Daga waje ma'aikaci ya naɗe mahaɗar walda da fim kamar ɗamara, ya sa wata alama a saman bututun wadda na'urar ke ji. In ta iso daidai wurin sai ta tsaya, ta ba da lokaci mutane su ja da baya, ta haska kewayen duka gaba ɗaya, ta wuce mahaɗa ta gaba. A waɗansu wurare ba fitila a ke sakawa ba, wani ƙarfe ne mai fid da haske ɗan'uwan eksire da kansa, ana kiransa iridiyum. Inda aka sami hali kuma, faranti mai jin haske ya maye gurbin fim. Wannan ya shafi aljihun mai walda kai tsaye. In sai an wanke fim, ba zai ji labarin kuskurensa ba sai gobe, kafin nan ya riga ya haɗa waɗansu bakuna da kuskuren nan, duka a sa shi ya fasa ya sake. In kuwa hoto ya fito nan take, sai ya gyara hannunsa tun a na biyu.

A masana'antu ma haka abin ya ke, sai dai can kayan ne ke tafiya, fitila na tsaye. Gwangwanin abinci na wucewa bisa bel, na'ura na duba ko akwai ƙashi ko tsinken ƙarfe ko fasasshen gilashi, in ta gani ta ture shi gefe. Allon cikin wayar hannu yana da ɗaurin dalma a ƙarƙashin sassa inda ido ba ya kaiwa, eksire ke duba su. Bayan batiran wayar Galaxy Note 7 sun riƙa kama wuta a 2016, har aka janye wayar daga kasuwa, kamfanin Samsung ya ba da sanarwa a Janairu, 2017, cewa duba cikin batir da eksire na cikin matakai 8 da zai riƙa bi. Dā akan zaɓi ɗaya cikin ɗari a duba, a yi fatan sauran lafiya su ke. Saurin na'ura shi ya sa a ke iya duba kowane ɗaya.

Ni dai ban yarda da masu cewa na'ura ta sallami mutum ba. Abin da ta karɓa shi ne ɗorawa, da juyawa, da jira, da tsayawa kusa da haske mai cutarwa. Amma in ƙwayar da aka aika mata ba ta da kyau, hotunan banza za ta ɗauka, da sauri kuwa. Mai duba allon waya takan yi kururuwa a kan ɗaurin da ba shi da laifi, sai mutum ya zo ya duba ya wanke shi, in kuma aka rage mata tsanani don ta daina damun mutane, sai mai laifi ya sulale ya wuce. Wanda zai tsai da iyakar nan mutum ne. Hoton walda ma, sai ƙwararre mai takardar shaida ya duba ya sa hannu. Kuma kada wani ya ɗauki dabarar masana'anta ya kai asibiti kai tsaye. Ƙarfe ba ruwansa da yawan haske, majiyyaci kuwa kowane hoto akwai abin da ya ke bari a jikinsa, shi ya sa likita ba ya ɗauka sai da dalili.

Da na koma ajina, ga yadda na yi, ko wani zai so ya gwada. Na rufe tagogi, na kafa cocila a kan tebur, na manna takarda a bango. Tsakaninsu na sa faifai, a kansa kwalbar roba mai haske wadda na soka wa ƙusa biyu a gicciye. Na yi wa bakin faifan alama 12 da alli. Yaro ɗaya na juya faifai, ɗaya na zana inuwa, ɗaya na cire takarda ya manna sabuwa ya rubuta lamba, ɗaya kuma na riƙe da agogona. Na tambaye su, inuwa minti nawa ta ke ɗauka kafin ta fito? Suka ce ai nan take. Amma zane 12 sai da suka cinye mana minti 26, aka kuma rikita takarda ta 7 da ta 8, mai juyawa ya tsallake alama ɗaya. Na ce, to, ina lokacin ya tafi? Suka ce hannu ne ya cinye. Na ce su duba zanen, a wane ne ƙusa biyu suka zama kamar ɗaya? Suka nuna. Daga nan ba sai na yi dogon bayanin dalilin juya abu ba.

Gargaɗi ɗaya ga mai son gwadawa: ku sami cocila mai ƙwai ɗaya. Tawa ta farko mai ƙwai da yawa ce, kowace ƙusa ta yi inuwa biyar, sai da na aiki yaro ya aro ta maigadi. Yarinyar kuwa ta tafi gida da zane ɗaya ta nuna wa babanta. Washegari ta zo mini da saƙonsa, wai in gaya wa yara su ma masu ɗaukar hoton sukan kewaye wurin da igiya su sa alama, duk wanda ya ga igiyar nan a bakin bututu kada ya tsallaka.